Rumbun da Jafaru Ya Gina wa Wata

Ina zaune a rumfata a kasuwar Batsari ina tufka igiya, sai na hangi Uwaisu ya kafe babur ɗinsa a gindin ɗorawa ya nufo ni. Uwaisu surukin aminina Jafaru ne, mijin 'yarsa Zuwairatu, a Runka yake zaune, kuma ba ya cin kasuwarmu sai da dalili. Ya durƙusa ya gaishe ni. Ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi kasuwa, ya sake komawa kan mutanen gida. Da na ga gaisuwar ta ƙi ƙarewa, kuma idonsa na kan igiyar hannuna, sai na ajiye ta.

"Uwaisu, faɗi abin da ya kawo ka."

"Baba Sammani, sai haƙuri. Baba ya cika jiya bayan azahar. An kai shi kafin magariba."

Na yi ta maimaita inna lillahi wa inna ilaihi raji'un har bakina ya bushe. Maƙwabtan rumfa suka taru suna ba ni haƙuri, ina amsawa, amma hankalina ya tsaya a kan kalma ɗaya. Kafin magariba. Mutumin da tun muna samari magariba ba ta taɓa samunsa a ƙarƙashin rufi ba in dai yana da lafiya, shi ne aka rufe kafin ta yi.

Tare muka tashi da Jafaru a wani ɗan ƙauye yamma da Yasore. Rana ɗaya aka yi mana kaciya, malam ɗaya ya yi mana bulala, shekara ɗaya muka yi aure. Shi dogo ne siriri, ni gajere ne mai kauri, don haka ina ce masa Gwangwala, yana ce mini Turmi. Har muka yi furfura ban tuna ranar da ya kira ni Sammani ba, sai ko a gaban surukai.

Sana'arsa ginin rumbu, ita ya gada. In kaka ta gabato ba a ganinsa a gida. Daga Yasore har ƙauyukan Safana ana aiko masa. Yakan jera duwatsun gindi don gara, ya kwaɓa ƙasa da busasshiyar ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, sannan ya riƙa ɗora gini kaɗan kaɗan yana shafe shi da tafin hannu kamar mai lallashin yaro. Ba ya sauri. In mai gida ya matsa masa sai ya ce, "In kana son wanda zai faɗi baɗi, akwai masu yi, in nuna maka gidansu." Jinkar ma shi ke yi, ni nake ba shi igiya. Ladansa damman hatsi ne, wani lokaci da ɗan akuya.

Amma ba don rumbu aka fi saninmu a ƙauye ba, don duban wata ne. A bayan gari akwai wani dutse mai faɗin kai. In ka hau ka fuskanci yamma babu komai a gabanka sai dajin Rugu, ba gida, ba wuta, ba hayaƙi. Duk ranar da ake neman watan azumi ko na salla, mu biyu muke hawa kafin faɗuwar rana. Dalili kuwa, Liman ba ya karɓar shaidar mutum ɗaya, sai biyu. Kullum Jafaru ke fara gani. Sai ya miƙa wannan dogon hannu nasa ya ce, "Turmi, bi hannuna. Saman ƙiryar can, ɗaga kaɗan." In yi ta ƙifta ido har in gan shi, siriri kamar yankan farce. Mu sauko da gudu. Liman ya kira mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kowa tsayin watan da inda ƙahonsa suka dosa. In maganarmu ta zo ɗaya, Maigari ya tashi mai doki zuwa wurin Hakimi, a buga bindiga, mata su yi guɗa. Haka muka yi shekara da shekaru. Ba a cewa Jafaru ya ga wata, ba a cewa Sammani ya gani. Cewa ake, su Gwangwala sun gani.

Bayan samun mulkin kai da 'yan shekaru, da aka gama kaka, ya tafi Katsina cin rani. Ni ban bi shi ba, don Tasalla matata ta haihu a lokacin. Ya samu aikin jinka a wata makarantar kwana. A cikin malaman akwai wani mutumin Gabas, sunansa Nwosu, shi Jafaru Malam Nosu yake ce masa. Malamin ya sa shi ya yi masa rumfar ciyawa a bayan gida. Ranar da aka gama aikin, da rana ta faɗi, sai ya fito da wani dogon bututu mai ƙafa uku, da gilashi a bakinsa, ya kafa shi a tsakar gida ya saita shi wajen wata. Ya ce wa ma'aikatan su zo su leƙa. Sauran suka ce su sun tafi masallaci. Jafaru ya ce shi alwalarsa na nan, bari ya leƙa tukuna.

Ya dawo gida ana gobe duban watan azumi. Ko buhunsa bai kwance ba ya zo ya ja ni bayan gida.

"Turmi, wata ba sumul yake ba."

"Sannu da zuwa dai tukuna. Ya hanya?"

"Bar hanya. Ka san bakin mashaya in shanu sun tattake laka ta bushe? To haka fuskarsa take. Ramu ne, manya da ƙanana, wani cikin wani. Ga duwatsu, har da inuwarsu. Inuwa fa, Turmi, irin ta dutsenmu da la'asar. Sannan ya juya bututun wajen wata tauraruwa, sai ga ta da 'ya'ya huɗu a jere, kamar saniya da maruƙa."

"Mi suka ba ka ka ci a birni?"

"Wallahi tallahi..."

"Kada ka rantse, azumi za mu shiga."

Da ya faɗa a zauren Maigari aka yi ta dariya. Wani ya ce ko ya hango rijiya a can, mu aika da guga. Liman bai yi dariya sosai ba. Ya ce, "Allah mai iko ne a kan komai, Jafaru. Amma kai ka fi kowa sanin ƙa'ida. Wa ya gani tare da kai?" Cikin raha ya faɗa, har yana shafa gemu.  Muka kama hanyar gida, da muka kai ƙofar gidansa Jafaru ya ce, "Gaskiyar Liman. Ni kaɗai na gani. Sai ka gani, Turmi."

Daga wannan rana abin da ya sa a gaba ke nan.

Ashe sun riga sun yi magana da malamin. Shi Malam Nosu ya yi masa kukan cewa fitilun makaranta suna ɓata masa sama. Jafaru ya ce ai in duhu yake nema, mu muke da shi, ya ba shi labarin dutsenmu. Malamin ya ce a wasu ƙasashe ana gina ɗaki zagayayye a kan tsauni nesa da gari, rufinsa na buɗewa, a sa babban madubi a ciki, kowa ya ga dama ya zo ya duba, ba sai mai ilimi ba. Jafaru ya saurara ya ce, "Ɗaki zagayayye mai rufin da ake ɗagawa? Ai rumbu ke nan." Malamin ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce to ya gina, shi kuwa in an yi dogon hutu bayan kaka mai zuwa zai ɗauko bututun ya zo ya kwana biyu, duk ƙauyen su leƙa. Suka yi musafaha a kan haka.

Da bazara, lokacin da kowa ke neman inuwa, mu muna hawa dutse da jakai. Shi ya kai ƙasa, ni in kai ruwa a tuluna. Bara'atu matarsa takan tsaya a ƙofar gida ta riƙe ƙugu ta ce mini, "Kai ma da nake ganin kana da hankali?" In ce, "Matarmu, ai rashin hankalin ne ya haɗa mu." Ya gina shi da faɗin da mutum shida za su zauna, bangon ya tsaya daidai ƙirjinsa, wato daidai hancina. Ya bar 'yar ƙofa ta wajen daji, ya sa mata ƙyaure da kwaɗo saboda awaki. Jinkar ya yi ta marar nauyi, yadda mutum biyu za su sa gofa su zame ta gefe. A tsakiya ya kafa duwatsu uku masu faɗi, ya daidaita su da ruwa a ƙwarya, inda ƙafafun bututun za su tsaya. Ban taɓa ganin ya yi wa wani rumbu shafe mai kyan wannan ba.

Shekarar nan ce sojoji suka karɓi mulki, rikici ya tashi a birane, mutanen Gabas suka tattara suka koma ƙasarsu, waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana. Mu a ƙauye sai dai labari. Kaka ta zo ta wuce, hutu ya zo ya wuce. Kullum da la'asar Jafaru na kan dutse yana duban hanyar Batsari. Daga ƙarshe ya shirya ya tafi Katsina. Ya tarar da rumfar da ya yi tana nan, ko ciyawa ɗaya ba ta zame ba, amma wasu ne a gidan. Ba wanda ya iya ce masa ga ranar da malamin ya tafi, ko ya isa, ko bai isa ba. Da ya dawo ya kwana biyu bai ci abincin kirki ba. Ya ce mini, "Ba bututun kaɗai ba, Turmi. Mutumin nan da hannunsa ya riƙe mini kai yana nuna mini yadda zan sa ido."

Da aka gama yaƙi, mutanen Gabas suka fara dawowa, ya koma. Ya bi shagunan masu sayar da kayan mota a bakin tasha yana tambayar Malam Nosu. Wani dattijo a cikinsu ya ba shi kujera, ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce, "Baba, Nwosu a wurinmu kamar ka je Kano ne ka ce kana neman Malam Musa. Wane gari ne nasa?" Jafaru bai sani ba. Bai taɓa tambaya ba. Duk da haka in ya shiga birni sai ya bi ta shagunan nan, har suka saba da shi, suna hango shi su ce, "Baba mai wata, bai zo ba tukuna."

Ɗakin kuwa bai bar shi ya lalace ba. Duk shekara sai ya sake masa shafe, ya yi masa sabuwar jinka. Mutane suka gaji da dariya suka manta da shi. Wannan sabuwar jinka ce ta jawo masa abin da ya fi komai ƙona masa rai.

Shekarar fari, wadda gero ya bushe a tsaye kafin ya fid da kai, ba wanda ya kira Jafaru gini. Rumbunan gari duk a buɗe suke, kaji na shiga suna fita. A wurinmu ba a yi wa rumbu sabuwar jinka sai in akwai abin da za a rufe, wannan ko yaro ya sani. Shi kuwa Jafaru bai yi wannan tunani ba. Lokacin jinka ya yi, ya shiga daji ya yi kwanaki yana tsintar 'yar ciyawar da ta rage, ya zo ya ɗora wa ɗakinsa rufi sabo fil. In rana ta yi yamma sai ka hango shi daga nesa yana ƙyalli a kan dutse, shi kaɗai a duk ƙasar.

Baƙin da yunwa ta koro daga arewa su suka fara tambaya, rumbun wane ne wancan? Daga nan magana ta shiga gari. Aka tuna shekarun da ya yi ana biyansa da dammai. Aka tuna kwaɗon da ke ƙofar. Mutanen da suka ga lokacin da muke kai ruwa da jakai, su ma suka fara cewa, to wa ya sani. Yunwa takan sa mutum ya manta abin da ya gani da idonsa.

Wata rana da yamma muna zaune a gindin ɗakin, sai ga Hansai ta hawo da ƙwarya a hannu. Mijinta ya rasu da damina ya bar ta da 'ya'ya. A bayanta akwai mutane da dama, na gari da baƙi. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Malam Jafaru, ba roƙo na saba ba, ka sani. Ko tiya ɗaya ce. In Allah ya kawo damina in biya."

"Tiyar mi, Hansai?"

Ta dubi jinkar. Sai a sannan ya gane. Na ga fuskarsa ta canja kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya tashi, ya kasa buɗe kwaɗon, sai ya ce, "Turmi, ɗauki gofa." Muka zame jinkar gefe. Mutane suka matso suka leƙa ta saman bango. Daɓe ne a share, da duwatsu uku a tsakiya. Ba ko ƙwaya.

Hansai ta daɗe tana kallo. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. A hankali ta ce, "Ashe da gaske wata ka gina wa. To Malam, shi watan ci ake yi?" Ta kife ƙwaryarta a ka ta juya.

Jafaru ya zauna a ƙasa ya yi kuka, ni ban taɓa ganin hawayensa ba ko ranar da mahaifinsa ya rasu. Yana cewa, "Na sa mata rai, Turmi. Da 'ya'yanta ta yi wa alkawari kafin ta hawo." Muka sauka, ya wuce kai tsaye rumbun gidansa, inda ɗan abin da ya rage bai kai gwiwa ba. Bara'atu ta tsaya tana kallonsa yana ɗiba. Na zaci za ta hana. Sai ta karɓe ƙwaryar ta ce, "Kawo nan, Malam, kai ko awo ba ka iya ba," ta cika ta da kanta ta kai gidan Hansai. Washegari ya kwance sabuwar jinkar ya ba Manu, wani Bafulatani maƙwabcinmu da shanunsa suka fara kwanciya don yunwa. Suka cinye ta tas.

Shekarar nan ɗakin a buɗe ya kwana. Baƙin arewa suka riƙa kwana a ciki saboda bangon na tare iska. Wani tsoho a cikinsu ya ce wa Jafaru, in ka kwanta a ciki ka dubi sama, taurari sun fi kusa. Jafaru ya riƙe wannan magana kamar an ba shi kyautar riga. Da Allah ya kawo sauƙi, damina ta yi kyau, sai ga mutane sun fara bin mu duban wata, maza a cikin ɗaki, mata da yara a bakin dutse. Hansai ma takan zo. Ita ce ta sa masa suna Rumbun Wata, sunan ya bi shi. Jafaru yakan tsaya a tsakiya, tsakanin duwatsun nan uku, yana nuna wa mutane taurari, Zara, da Kaza da 'ya'yanta in lokacinta ne, ya ƙare da cewa, "Wannan duk ba komai ba ne. Ku bari bututun ya zo."

Sai kuɗin mai suka shigo ƙasa. Samari suka tafi birni aikin titi da gini, suka dawo da rediyo da agogo. Masu hali suka fara rufin kwano, suna zuba hatsi a buhu su tara a ɗaki. Aikin rumbu ya ja baya. Duban wata ma ya ja baya, don kafin mu sauko daga dutse rediyo ta riga ta faɗa. Masu hawa suka ragu, suka ragu, har muka koma mu biyu kamar da. Wani attajiri a Batsari ya sa injin wuta, in dare ya yi sai ka ga ɗan haske ta gabas. Jafaru ya ce, "Ka gani ko? Sun fara cin duhun ta gefe. Allah ya sa mutumin ya zo kafin su cinye."

A shekarun nan kowa tafiya Makka yake. Da Alhaji Mani mai shago zai tafi, Jafaru ya sayar da tunkiyarsa ya kai masa, ya yi masa kwatancen bututun dalla-dalla. Alhaji ya dawo ya rantse ya zaga kasuwa har ƙafarsa ta kumbura bai samu ba. Don kada ya zo hannu sake, ya kawo masa ɗan madubin nan ja da alhazai ke kawo wa yara, wanda in ka leƙa ka danna sai hoton Ka'aba ya fito, ka sake dannawa ga Madina. Ya mayar masa da sauran kuɗinsa. Jafaru ya yi godiya sosai. Da muka fito ya leƙa, ya danna, ya daɗe, sannan ya miƙo mini. "Ungo, Turmi. Wannan dai ka gani, ni ma na gani. Mu je mu gaya wa Liman mun yi hajji."

A lokacin ne na lura yana kai abu kusa da hanci kafin ya gane shi. Yanar ido ce ta fara rufe masa gani. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Sai dai a kan dutse, maimakon ya miƙa hannu, sai ya ce, "Yau kai fara, in ga ko ka koyi wani abu." Daga baya tari ya kama shi, ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Zuwairatu ta aiko a kai shi Runka wurinta, ta yi jinyarsa, don Bara'atu ita ma ƙarfinta ya ƙare.

Da na je Runka gaisuwa na tarar da Bara'atu a zaune a ɗakin 'yarta, carbi a hannu. Na ce, "Matarmu, ya haƙuri?" Ta ce, "Haƙuri sai ma'aiki. Abokinka har ya tafi yana tambaya ko an ga baƙo a kan hanya." Uwaisu ya raka ni maƙabarta. Kabarin dogo ne, na gane shi tun kafin a nuna mini. Na yi masa addu'a. Allah ya jiƙan Jafaru, ya haskaka masa inda yake kwance, ya nuna masa abin da ya fi wanda ya gani a bututun. Shi ma Malam Nosu, in yana raye Allah ya ba shi lafiya, ya sa wata rana ya tuna akwai ɗakin da ke jiransa a yamma da Yasore. Na riga na yanko ciyawar bana, tana bayan gidana tana bushewa. Ban iya jinka kamar shi ba, amma zan ɗaura.

Rabuwarmu kuwa a kan dutsen ne, ana gobe za a tafi da shi. Washegari motar da za ta kai shi Runka ta zo da sassafe ina hanyar kasuwa, na ɗauka kwana kaɗan zai yi ya dawo, don haka ban yi masa wata sallama ba. Ranar rabuwar ana neman watan babbar salla, an gama girbi, sama tas. Ya ce sai ya hau. Ya dafa kafaɗata, muna tafiya muna hutawa, yana cewa, "Yau dai gajartarka ta yi rana, daidai sanda." Muka zame jinkar da ƙyar. Ya jingina da bango ya fuskanci yamma. Rana ta faɗa cikin daji, jan ya fara dushewa. Can sai na gan shi, saman ƙiryar nan dai.

"Ka yi shiru, Turmi. Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ina ƙahonsa suka dosa?"

Na gaya masa. Ya ware ido, ya daɗe yana dubawa. Na kama hannunsa na ɗaga, na jera da nawa. "Bi hannuna, Gwangwala. Ɗaga kaɗan."

"Hannun naka ma da ƙyar nake ganinsa." Ya sauke hannu. "Ban gan shi ba."

Sai na ce mu sauka mu gaya wa Liman. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka gaya masa kai da wa? Ni ba na shaidar abin da ban gani ba. Kai kaɗai ka gani." Ya numfasa. "Ka ji yadda abin yake ko?"

"Na ji."

"Da ciwo?"

"Da ciwo."

"To tun shekarar nan nake ɗauke da shi. Amma na yarda ka gani. Kai ba ka iya ƙarya ba, in ka fara kunnenka ke rawa."

"Ni ma ai tuni na yarda da ramukanka."

"Na sani. Ba yarda nake nema wurinka ba, so nake ka gani." Ya lallaɓa da ƙafa har ya taɓa ɗaya daga duwatsun nan uku. "In mutumin ya zo, ko ɗansa, ko wani can daban mai irin bututun, kada ka tsaya doguwar gaisuwar nan taka. Ka fara sa ido. Ɗaya za ka sa, ka rufe ɗayan da tafin hannu. Kada ka taɓa bututun, rawa yake. Da farko ba za ka ga komai ba sai haske, ka yi haƙuri, kada ka ɗaga kai."

"To in na gani, wa zan gaya wa?"

"Ka riƙe abinka, Turmi. In ka iso ka ba ni labari, mu zama biyu."